Darussan Falmata Da Na Goge Da Hannuna

Shekara bakwai ke nan da rasuwar yayata Falmata, kuma ba zan cika muku shafi da cewa mutuniyar kirki ce ba. An faɗi wannan a zaman makoki har ya gundure ni. Waɗanda suka fi kowa faɗa su ne suka sa aka shafe aikinta kwana uku da binne ta, ni kuma ni ce na danna.

Malamar firamare ce a unguwar Ajilari, nan Maiduguri. Aji biyu take koyarwa, irin ajin da yara suka fi benci yawa, na baya ba sa jin abin da ake faɗa a gaba. Tana da miji da 'ya ɗaya, Zara, amma ta koma jami'a yin digiri na biyu a fannin fasahar koyarwa, wato yadda malami zai koyar da rediyo da bidiyo da majigi. A gidanmu ba wanda ya gane kan wannan karatu. Mu jikokin makiyaya ne da suka zauna a gari, mazanmu a kasuwar shanu suke wuni. Baba Modu, ƙanen mahaifinmu da ya riƙe mu bayan rasuwar Baba, cewa yake Falmata ta tafi jami'a koyon kallon talabijin. In ya faɗa sai tsakar gida ta ɗauki dariya. Ni ma na sha yin dariyar.

Aikin da za ta kammala karatun da shi gajerun darussa ne na bidiyo, na koyon haruffa. Ta faɗi harafi da Hausa, ta maimaita da Kanuri, saboda yaran da iyayensu suka gudo daga ƙauyuka ba su gama jin Hausa ba. Ni ce mai riƙe mata waya. Lokacin na gama sakandare, ina da shekara goma sha bakwai, ba ni da aikin yi. Duk Asabar sai in je ɗakinta a Mairi, mu rataye farin zane a bango, mu jira janaretan maƙwabta ya yi shiru. Harafi ɗaya sai ta sake shi sau shida.

"Yaya, hannuna ya mutu."

"Jingina da bango, Bintu. Bakina bai fito ba, yaro ba zai ga yadda ake faɗi ba."

Tana waƙa a ciki, tana tafi, tana dariya. Ta kai darussan can ƙauyen Zabarmari ta gwada a kan 'ya'yan manoman shinkafa, ta dawo ƙafa duk taɓo tana ba ni labarin wata yarinya da ta ƙi ba da wayar sai ta kai ƙarshen harafin. Ta zuba duka a filash, ta haɗa da rubutaccen kundin, ta kai wa malamin da ke duba aikinta. Ba zan faɗi sunansa ba, Dokta zan ce masa. Saura 'yan makonni ta kare kundin zazzaɓi ya kama ta cikin damina. Kwana biyar aka yi.

Ranar sadakar uku, bayan la'asar, wata daga cikin mata ta ce in kunna mata bidiyon ta ga Falmata. Na kunna. Muryarta ta cika ɗakin tana waƙar haruffa, mata suka fashe da kuka, Baba Modu ya ji daga waje ya shigo. Ya tsaya ya kalla har darasin ya ƙare. Sannan ya ce mace ce, ga fuska a buɗe, ga murya, ga dariya, kuma duk namijin da ya kalla ita za a rubuta wa zunubin a kabari. Ya ce in muna ƙaunarta mu sauke mata wannan kaya. Bai tambayi wani malami ba. Mijinta, Malam Bukar, yana bakin ƙofa, ya san dare nawa ta yi a kan aikin nan, amma ya sunkuyar da kai ƙasa.

"Wa ya san yadda ake cire shi?" in ji Baba Modu.

Ni kaɗai na san lambar buɗe kwamfutarta. Na goge na kwamfuta. Na goge na waya. Da ma a nan na tsaya, da ba wanda zai sani. Amma ni ce na ce musu akwai saura a katin memori, na ɗauko, na goge shi ma a gabansu. Baba Modu ya sa mini albarka.

Yau in Falmata ta leƙo Maiduguri ban san ko dariya za ta yi ko tsaki ba. Baba Modu ba ya sayar da sa sai ya ɗauke shi a bidiyo ya tura wa 'yan kudu, yana zagaya shi yana yabon ƙahonsa da muryar da ya ce ba ta dace da waya ba. 'Yar autarsa tana koyar da girki a waya, fuska a buɗe, kuma shi yake tura wa abokansa su gani. Da annoba ta sa aka rufe makarantu, kowa ya tashi neman darasin rediyo da na waya, aka yi ta kiran taro a otal ana raba jaka da biro. Abokan aikinta da ke ce mata 'yar fim su ne a layin gaba. Yanzu kowane malami so yake a ce ya yi wannan digiri. Na ga wasu daga cikin darussan da suke yi. Mutum ya tsaya gaban allo kamar an kawo shi kotu, yana karanta Turanci ga yaron da ko Hausa bai gama ji ba.

Ban rubuta wannan don Baba Modu ba, ba ya karanta jarida. Saboda Zara na rubuta. Shekararta biyu uwarta ta rasu, yanzu tana da tara. Bara ta ji a bakin wata gwaggonmu cewa uwarta ta yi bidiyo, ta zo ta same ni ina wanki.

"Anti Bintu, muryar Mama irin taki ce?"

Na ce a'a, tata ta fi kauri. Ta ce tana so ta ji. Na ce zan nemo mata, don na tuna filash ɗin da ke hannun Dokta.

Sau huɗu na je jami'a kafin in same shi. Yanzu farfesa ne, da sanyin na'ura a ofis, da hotunansa a tarukan fasahar koyarwa cike da bango. Na faɗi sunanta bai tuna ba. Sai da na ce mai haruffa da Kanuri sannan ya ce Allah ya ji ƙanta, ɗaliba ce mai ƙoƙari, sai dai ba ta iya tsara manazarta ba.

"Ranka ya daɗe, filash ɗin nake nema."

"Wane filash?"

"Wanda darussan ke ciki. Ta haɗo maka da kundin."

Ya kira sakatariyarsa. Ta ce ai filasan ɗaliban da ba su kammala ba a kwali ake tara su, in an buƙaci na zuba sakamakon jarrabawa sai a ɗauki ɗaya a wanke. Na shekarar su Falmata sun daɗe da ƙarewa. Na tambaye shi ko ya kwafe a wani wuri, ko da darasi ɗaya.

"'Yata, mu rubutu muke dubawa. Bidiyon ranar kare kundi ake kunnawa."

"Wato ba ka taɓa kallo ba?"

"Ai ba ta kai ranar ba."

Shekara biyu tana hawa keke daga Ajilari zuwa ofishin mutumin nan, a fannin da sunansa koyarwa da hoto da murya, kuma bai taɓa jin muryar ba. Baba Modu ma ya fi shi, shi dai ya kalli darasi ɗaya har ƙarshe kafin ya yanke hukunci.

Kundin suka ba ni, sakatariya ta zaro shi daga ƙasan kabad ta kaɗe. Kowane shafi jan biro: a gyara gefe, a ƙara tazara, wannan waƙafi ba wurinsa ba ne. A can ƙarshe akwai rubutun darussan, kalma da kalma, da Hausa da Kanuri, har da abin da take tuna wa kanta. Nan zan tafa. Nan zan yi shiru yara su amsa. Nan zan yi dariya ko da ba su faɗa daidai ba. Dokta ya ja layi ɗaya daga sama har ƙasa, ya rubuta da Turanci cewa a cire, ba aikin ilimi ba ne.

Abin da ya rage na Falmata ke nan. Ba ta da takardar digiri, ba a kira sunanta a wajen yaye ɗalibai ba. Yaran da ta koyar sun girma, wasu sun iya karatu, kuma ba na jin sun san wa ya koya musu. Masu cewa aikin alheri ba ya ɓata ba su taɓa riƙe waya sun ga yadda shekara biyu ke tafiya cikin minti uku ba.

Na kai wa Zara kundin. Ta buɗe, ta ga jan biro, ta rufe. Ta ce ita murya ta ce. Da ina da wayo da na ɗora wa jami'a laifi, ko Baba Modu, kuma ba ƙarya zan yi ba. Amma na faɗa mata wanda ya goge, da yadda na ɗauko memorin da ba wanda ya san da shi.

Sai ta tambaye ni.

"Tsoron Kaka Modu kika ji?"

Na so in ce e. Amma ban ji tsoronsa ba ranar. Ɗaki cike da manya, ba wanda ya iya abin sai ni, kowa ya zuba mini ido, karo na farko a rayuwata. Na ji daɗin haka. Shi na faɗa mata.

Ta ɗauki kundin ta shiga ɗaki. Tun ranar takan gaishe ni da safe kamar yadda aka koya mata, ta durƙusa har ƙasa, amma ba ta ƙara tambayata komai game da uwarta ba. Gwaggo take tambaya, wadda ba ta san komai ba.

Allah ya ji ƙan Falmata. Ni kuma ban nemi kowa ya ce mini yarinta ce ba.