Fasahar da Na Hana Yaya

Kwamfutar tawa ce, ta hannu na saya. Wasan ma ni na zuba shi a ciki, kuma ni na koya wa kowa yadda ake yi. Amma shekara ta zagayo ban ci ko sau ɗaya ba, kuma wallahi ba don ban iya ba ne.

Wasan na gina ƙasa ne. Ana ba ka ɗan ƙauye a tsakiyar daji, ka yi ta renonsa har ya zama daula. Ba wasan gaggawa ba ne, karɓa-karɓa ake yi kamar dara: ka yi naka ka gama, ka miƙa wa na kusa da kai. Abin da ke ɗaga ƙasa a ciki shi ne fasaha. Ka fara da noma da tukwane, ka gano rubutu, ka gano ƙira, ka kai ga lissafi, can gaba ka kai ga albarushi. Kowace fasaha sai ka gina makarantu, ka haƙura da tara sojoji, ka jira. Sai dai akwai hanyar ratse, wato musaya. Wanda ya gano abu yana iya ba wa wani, ko kyauta ko a kan wani abu. Kafin a fara wasa akwai ɗan akwati da ake dannawa a rufe wannan hanya gaba ɗaya. A kan wannan ɗan akwatin, wanda bai kai ƙwayar gero ba a fuskar kwamfuta, na sha baƙin cikin da har yau in na tuna sai na yi tsaki.

Mu uku ne muke yi, duk ranar Asabar bayan azahar, a shagon Yaya, saboda shi ke da sola. Yaya ɗan kasuwar hatsi ne a nan Kontagora, masara da wake da dawa, kuma shi ya riƙe ni tun rasuwar mahaifinmu. Na ukunmu abokina ne, malamin firamare daga wajen Rijau, muna ce masa Malam. Asabar ce ta dace da kowa, don ranar Lahadi Malam yana coci. Muna zama a benci ɗaya tsakanin buhuna, in layi ya zo kan mutum sauran su juya baya don kada su ga taswirarsa. Malam yana juyawa tsakani da Allah. Yaya kuwa wuyansa kawai yake karkatarwa, ya ce wai yana duba masu shigowa.

Zaman nan yana da girma a wurina. A sauran kwanaki tsakanina da Yaya gaisuwa ce: in durƙusa, ya ce ya aiki, in ce lafiya, shi ke nan. A kan bencin nan ne kaɗai yake dukan kafaɗata yana dariya, nake iya ce masa ya yi kuskure. Burina guda ne, in ci shi sau ɗaya yana zaune, da aikin kaina, ya dube ni ya ce na iya.

To ga yadda abin ke tafiya. Ni mai son makarantu ne. In zauna in tsara, in hana kaina sojoji, in jure har fasahar ƙira ta fito. Ko murna ban gama yi ba sai in ji muryar Yaya daga bayana.

“Kai, na ji kamar ƙira ta nuna a wurinka. Turo mini.”

Ba ciniki yake nema ba. Turo mini yake cewa, kamar yadda zai ce miƙo mini buta. Ni kuma tun da na yi wayo ban taɓa ce wa Yaya a'a ba, bakina bai san hanyar kalmar ba in shi ne. Ciniki da shi kuwa, in ce me za ka ba ni, wannan ai rashin kunya ne. Sai in tura.

Da a nan abin ya tsaya da sauƙi. Yaya dillali ne tun daga jini. Ƙirar nan da na yi wa wahala, sai ya ɗauke ta ya zagaya da ita. Ya ba Malam ya karɓi hawan doki. Ya kai wa ƙasashen da kwamfuta ke riƙe da su, wannan ta ba shi ban ruwa, waccan ta ba shi zinariya, har da wadda ke maƙwabtaka da ni mai neman hanyar cinye ni. Kafin layi ya dawo kaina kowa a duniyar nan yana da takobin ƙarfe, Yaya yana da fasahohin da ban ma fara ba, kuma bai gina makaranta ko ɗaya ba. Duk dukiyarsa sojoji ya tara da ita. Ƙarshenta ya zo ya zauna a bakin garina ya ce in yi haƙuri, siyasa ce.

Ranar da na yi ta maza na ce, “Yaya, ai ni na ba ka, bai kamata ka sayar ba,” sai ya dube ni da mamaki na gaske.

“Abin da ka ba ni naka ne ko nawa?”

“Naka ne.”

“To. Kai in ka ba mutum riga, bin sa kake yi ka ga inda ya sa ta?”

Malam ya kwashe da dariya har yana riƙe ciki. Ni kuwa kamar in haɗiyi zuciya.

Daga nan na fara tunanin akwatin. In an danna shi, ba ni na hana ba, na'ura ce ta hana. Bakina a wanke, girman Yaya yana nan. Amma ko wannan ba zan iya furta shi kai tsaye ba, don haka na yi abin da ake yi in magana ta fi ƙarfin ƙarami, na nemi mai kai ta. Na tare Malam a hanya na roƙe shi ya kawo shawarar kamar daga kansa ta fito. Ya ce ba komai, abu mai sauƙi.

Asabar ta zo, za mu fara sabon wasa, Malam ya gyara murya.

“Maigida, ƙanenka ya ce in gaya maka kamar ni ne na yi tunani. Wai a kulle wannan musaya.”

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Daga baya na tambaye shi me ya sa ya yi mini haka, ya ce shi bai iya ƙarya a gaban babba ba. To wa ya ce ka karɓi aiken?

Yaya bai yi fushi ba, da ma ya yi da ya fi mini. Ya gyara hula ya shiga wa'azi. Ya ce shi tun da yake bai taɓa jin inda aka ce a ɓoye ilimi ba. Ya ce wanda ya gano taki ai bai binne shi a ɗakinsa ba, kuma da kowa zai riƙe abin da ya sani da har yanzu ganye muke ɗaurawa. Na ce wasa ne, Yaya, wasa yana da doka, in kowa ya samu abin da bai yi wa aiki ba to mai aikin ya zama wawa ke nan. Ya ce kai ka ce wawa, ni ban ce ba. Malam ya shigo da ta tsakiya, ya ce akwai wani akwatin da ke barin musaya amma ya hana sayar da abin da ba kai ka gano ba. Yaya ya ce wannan ai shi aka nufa kai tsaye, gara a fito fili a ce an kore shi. A ranar ba a danna komai ba, kuma aka sake cinye ni.

Na ɗauka maganar ta mutu a shago. Ashe ta bi Yaya har gida. Washegari na je gaida Inna, mahaifiyarmu, na tarar ta sha mur. Inna ba ta san kwamfuta ba, ba ta san taswira ba. Abu ɗaya ta ji, kuma shi ta riƙe.

“An ce yayanka ya nemi ilimi a wurinka ka hana shi.”

“Inna, ba ilimi ba ne na gaske, a cikin wasa ne.”

“Akwai ilimin ƙarya ne? Yaron da ya tsaya maka ka yi boko, yau shi za ka rufe wa littafi?”

Na yi bayani har miyau ya ƙafe. Na ce ƙira ce ta hoto, babu maƙeri, babu ƙarfe. Ta ce to in ta hoto ce ma me zai rage ka da ita? Na fito ina huci ni kaɗai a hanya, mutum da girmansa, an yi masa faɗa a kan albarushin da ba ya ko tashi.

Asabar ta gaba na zo da niyyar in bar maganar har abada. Na kunna kwamfuta, na buɗe wurin tsara sabon wasa, sai Yaya ya miƙo hannu ya karɓi linzamin kwamfutar. Ya tambayi wanne ne akwatin. Na nuna masa. Da kansa ya danna.

“An kulle. Kada a ce na danne yaro.”

Ba zan ɓoye ba, na ji daɗi. Makarantuna suka fara aiki, kuma abin da na gano ya zauna a wurina. Na riga kowa rubutu, na riga kowa lissafi. Amma shagon ya yi tsit. Ashe duk hayaniyar da muke yi, da rantse-rantse, da “haba Malam, ƙara mini ko doki ɗaya,” daga cinikin nan take fitowa. Yaya ba ya son jira, ba ya son tsara makaranta. In layi ya zo kansa sai ya ɗan motsa soja ɗaya ya turo kwamfutar. Ya daina leƙen taswirata ma. Wuyansa ya koma kallon masu shigowa da gaske.

Sai kaka ta yi, hatsi ya fara fitowa. Asabar ɗin da ta biyo na iso na tarar yana ɗaure buhunan wofi a bayan babur, zai tafi kasuwar Salka. Shekarar da ta wuce ma kaka ta yi, amma yaransa yake turawa ranar Asabar, bai taɓa fasa zaman ba. Na ce to mu dakata sai ya dawo. Ya ce a'a, kada a ɓata wa Malam tafiya.

“Ka riƙa buga mini nawa. Amana na ba ka, kada in dawo in tarar an cinye ni.”

Ya tada babur ya tafi.

Duk wanda ya san gidanmu ya san abin da wannan ke nufi. Ƙasar Yaya ta dawo hannuna, kuma ba zan yi mata riƙon sakainar kashi ba. Na buɗe taswirarsa na ga abin tausayi, garuruwa babu makaranta, babu rumbu, sojoji suna ta cin abinci a banza. Na zauna na gina masa makarantu. Na tsara masa hanyar rubutu, na tsara masa ta ƙira. Da can fasaha ɗaya yake karɓa a wurina in ta nuna, yanzu ni ke share gonar, ni ke shuka, ni ke kai masa har rumbu. Malam yana gefe yana ta kallona.

“Kai da ka ce a kulle don ka huta, yanzu aiki biyu kake yi. Wannan doka taka ta yi kyau sosai.”

Na ce ya yi mini shiru.

Mako na gaba kasuwar Ibeto ya tafi, na bayansa ta Nasko. Yakan kira daga kasuwa, ana jin hayaniyar masu awo, ya ce ya ƙasata, in ce tana lafiya, ya ce madalla ya kashe. Ni kuma na kai inda na daɗe ina mafarki. Albarushi ya fito a wurina ni kaɗai, sojojina suka isa iyakar Yaya. Sai na tsaya. In na kai hari, wa na ci? Da hannun dama zan buga ƙofar garin, in layi ya juyo in tare ta da hannun hagu. In na bari garin ya faɗi na ci amana. In na kare shi da gaske na san duk inda sojojina suke. Na yi ta zagaye da su a bakin iyaka kamar mai neman abin da ya yar, har Malam ya samu sarari ya mamaye rabin duniya.

Wata Asabar Yaya ya dawo da wuri, ana kiran la'asar. Na yi sauri na matsa masa a benci, na juyo da kwamfutar wajensa. Na ce Yaya ga ƙasarka, layinka ne, har ƙira ta kusa fitowa. Na ce in yana so ma sai mu fara sabo, a buɗe akwatin, ni ban damu ba. Da bakina na faɗi haka, ni da na tada ƙura a kai.

Ya sunkuyo daga tsaye, bai cire takalmi ba. Ya dubi garuruwansa da makarantun da na jera masa, ya jinjina kai.

“Kai, ka gyara ta. Ai dama kai ne ka iya abin nan, ni hayaniya kawai nake zuwa yi. Ci gaba abinka.”

Ya dafa kafaɗata, ya wuce ciki yana kiran a kawo masa buta. Kalmar da na shekara ina jira ke nan, kuma a tsaye ya faɗe ta, yana kan hanyarsa ta wucewa. Bai sake zama a bencin ba.