Da Sauƙin Baba Isa

Ba na jin zan taɓa mantawa da Talatar da ta wuce. Ni tafinta ce a wani asibitin gashin ƙashi a Sentul, wata unguwa a nan ƙasar wajen da muke zaune. Ƙa'idar aikin, abin da majinyaci ya faɗa da Hausa shi zan mayar wa likita, ba ƙari ba ragi.

Anti Rukayya, 'yar ƙasar nan mai taimaka wa likita, tana shirin intabiyu ta bidiyo da wata makarantar likitanci a Amurka, irin wadda ke haɗawa da koyar da jinya da hannu. Nakan tsokane ta da "maɗoriya". Lokacin makan, wato hutun cin abinci, ni ke karanto mata tambayoyi. Guda ɗaya ta gagare ta: yaya kike sauraron majinyaci? Kullum sai ta zubo hadda.

"Anti, wannan ai karatun labarai ne."

"Ke dai sake tambayata. Sai na iya."

Muna cikin haka aka kawo Baba Isa mai zuwa gashin kafaɗa, mahaifin wani ɗalibi. Likita ta ce in tambaye shi jiki.

"Da sauƙi, 'yata, alhamdulillahi."

Na mayar mata yadda ya faɗa. Har likita ta juya za ta kunna na'ura, Anti Rukayya ta durƙusa gabansa, ta ce in fassara masa.

"Baba, na ji da sauƙi. To ina ne sauƙin bai kai ba?"

Zufa na ta karyo masa duk da sanyin ɗakin. Can ya dafa ƙirji. "Nan ne, tun asuba. Ban so in tayar wa yaron nan da hankali."

Ba kafaɗa ba ce, zuciya ce. Ni na kira motar asibiti. An ce da an ƙara jinkiri da wani zancen ake. Yanzu yana farfaɗowa.

Washegari kamar kar in zo aiki, amma na zo. Da na sake yi wa Anti tambayar, ba ta taɓa takardarta ba, labarin Baba ta bayar. Intabiyun jibi ne.

Ku masu shigowa aikin nan, mutanenmu ko a bakin kabari "da sauƙi" za su ce. Yanzu in na fassara ta, sai in ce wa likita, "Wannan gaisuwa ce, bari in sake tambaya."