Garin da Abokina Ya Bar Mini a Ɗakin Ɗori

Shekarun baya, can wajen ƙarshen shekarun casa'in, tun waya ba ta shiga aljihun kowa ba, ni ɗan kabu-kabu ne a Kalgo. Babur ɗin ba nawa ba ne, amma yadda nake goge shi sai ka rantse gadonsa na yi. Bakina kuwa ba ya hutawa. Daga tasha zuwa kasuwa babu wanda ba na tsokana, mai shayi ne, masu kifi ne, ko Fulani masu nono. Idan na wuce mutum ban ja shi da ba'a ba, sai ya aiko a tambaya ko lafiya nake.

Wata rana da zafi akuya ta gitta mini a hanya. Na kauce mata, na faɗa rami, ƙashin cinyata ya karye. Akuyar ko waiwaye ba ta yi ba. Mahaifiyata ta ce ba inda za a kai ni sai Gwandu, wurin wani tsoho mai ɗori da ya taɓa ɗora ƙaninta. Tsohon ya ja ƙafar har na kira sunan kakannin da ban taɓa gani ba, ya shafa man shanu, ya jera karare ya ɗaure. Da ya gama ya dube ni ya ce, "Samari, ƙahwar ga ba ta taka ƙasa sai ran da nic ce."

Aka ba ni wani ɗan ɗaki a bayan gidansa. Ƙofar tana kallon katanga, bayan katangar akwai iccen dogon yaro guda ɗaya wanda kansa kawai nake gani. Satin farko kam na sha 'yan dubiya. 'Yan tasharmu suka zo a jere da babura, da rake da lemo, ɗakin ya cika da dariya. Daga nan ƙafa ta fara ɗaukewa. Ban ga laifinsu ba, Kalgo zuwa Gwandu mota biyu ce, kowa kuma yana neman na tuwo. An ce zumunta a ƙafa take, to ni ƙafar ce ta karye. Mahaifiyata ce kawai ba ta fashi, duk sati tana tafe da kwanon abinci.

Sai abokina. Tare muka yi makarantar allo, tare muka koyi babur, a inuwa ɗaya muke jiran fasinja. Shi mutum ne mai shiru, ni ke magana shi ke dariya, a haka muka yi shekaru. Zuwansa na ƙarshe ya shigo da wani abu a leda ya ajiye mini a ƙirji.

Na ce, "Mi na wanga?"

Ya ce, "Gem na. Yayana yaz zo da shi daga Kamba, ɗan kwatano na. Aro nib ba ka, ba kyauta ba. In na samu sarari ina zuwa in amshi abina."

Na ce masa ya ɗauka ya ɓata kawai. Ya yi dariya, ya nuna mini inda ake kunnawa da inda ake dannawa, ya yi sallama tun rana ba ta yi sanyi ba don kada ya rasa mota.

Ku da kuka taso da waya a hannu, da za ku ga abin nan dariya za ku yi. Ɗan akwati ne mai ruwan toka, girman sandar sabulun wanki, da ɗan gilashi kalar miyar kuka. Ba shi da haske nasa, sai na karkata wajen ƙofa nake gani. Amma da na kunna sai ga gari. Ga gidaje, ga rijiya, ga kasuwa da rumfuna, ga wani kare yana zagaya bishiya, ga yara biyu suna bin juna da gudu. Akwai tsoho a kan benci, akwai mace a bakin rijiya, akwai mai gadi a ƙofar gari. A tsakiyarsu ga wani ɗan mutum bai fi ƙwayar wake ba, inda duk na danna can yake tafiya. Ni da aka hana taka ƙasa, sai ga ni ina yawo kasuwa.

Abin da ya kama ni shi ne, duk wanda na matsa kusa da shi na danna, sai ya juyo ya fuskance ni, rubutu ya fito a ƙasa. Rubutun na mutanen Japan ne, kamar sawun kaji a kan yashi, ko harafi ɗaya ban sani ba. Wannan bai dame ni ba, tunda baki ne sana'ata ta biyu. Sai na riƙa sa musu magana da kaina. Tsohon benci kullum kukan tsadar goro yake. Matar bakin rijiya tana ba ni labarin rigimar maƙwabta. Mai gadi kuwa muna 'yar tsama da shi, don na lura yana da girman kai.

Kowace safiya, bayan tsoho mai ɗori ya duba ƙafa, sai in zagaya gaisuwa. Da tsohon benci nake farawa, don shi ne babba. Gidajen garin a buɗe suke, kana iya faɗawa ɗakin kowa, har ka buɗe tukwanensu ka ɗauki abin da ke ciki. Ni dai ban iya ba, ba a yi mini wannan tarbiyyar ba. Ko shiga zan yi sai na yi sallama a fili. Wata rana na rangaɗa sallama a ƙofar wani gida na cikin gem, sai na ji mai ɗori daga tsakar gida ya amsa, har yana cewa a shigo. Da ya leƙo ya ga ni kaɗai ne, ya daɗe yana kallona, sannan ya tambaya ko kaina ma ya bugu a faɗuwar.

Sau ɗaya na taɓa fita ƙofar gari. Ban yi nisa ba wata halitta ta tare ni ta yi mini dukan kawo wuƙa. Na ce ni da ke jinyar karaya me ya kai ni daji, na dawo ban sake fita ba. Sai bayan shekaru ɗana ya gaya mini cewa a irin wannan wasan garin farko mafari ne kawai, ainihin tafiyar tana waje. Wato wata da watanni na yi a zaure ina cewa na ga gida.

Yanzu in na lissafa, mutanen garin nan ba su da wani yawa. Amma a lokacin cike yake a idona, ya fi mini kasuwar Kalgo cika, saboda kowa a cikinsa yana juyowa in na zo. A ɗakin kuwa ina iya wuni ban ji an ambaci sunana ba. Kaɗaici ya ci ni a ɗakin nan, ba zan ɓoye ba. Idan baturan gem ɗin suka yi sanyi sai in roƙi tsoho ya shanya mini su a rana a kan katanga, in kwanta ina kallon kan dogon yaro har su yi zafi.

Abokina kuwa shiru. Sati ya wuce, wani ya bi, bai zo ba. Sauran duk na yafe musu, shi ne ban iya yafewa ba, don abin da nake tsoro ke nan, kada shi ma ya saba da rashina. Duk zuwan mahaifiyata sai na tambaye ta. Sai ta ce, "Shina gaishe ka. Aiki na yay yi mishi yawa." Ni kuma in ba ta saƙon baƙar magana, in ce ta gaya masa gem ya zama nawa, in yana da zuciya ya zo ya ƙwata. Ta ce za ta gaya masa.

Damina ta fara sauka lokacin da na gano wani abu. Ina gaida matar bakin rijiya sai na lura rubutunta da wata 'yar ƙugiya yake farawa, jiya ma haka na gani. Na ɗauki tsinke na kwaikwayi rubutun a ƙasa. Na sake danna ta, shi ne dai. Na je wurin tsohon benci, na je wurin mai gadi, na bi yaran nan da gudu. Kowa magana ɗaya tak gare shi, ita yake maimaita mini tun ranar farko. Ashe duk hirar nan ni kaɗai nake yin ta. Abin dariya ne, amma ranar ban yi dariya ba. Na kashe gem na tura shi ƙarƙashin matashi, na juya fuska ga bango.

Ana haka wani ɗan tasharmu ya kawo fasinja Gwandu ya leƙo ni a tsaitsaye. Na tambaye shi abokina. Ya dubi ƙafata ya ce, "Shina gaishe ka. Aiki na yay yi mishi yawa." Bai ko zauna ba ya tafi. Na bi bayansa da kallo. Mutum biyu ba sa faɗar magana ɗaya kalma da kalma sai in tsara musu ita aka yi, wannan kam mutanen cikin gem sun riga sun koya mini. Ruwa ba ya tsami banza.

Da mahaifiyata ta zo na bari ta zauna ta fara kwance ɗaurin kwano. Ban tambaye ta yadda na saba ba. Na ce, "Inna, yaushe rabonki da ki gane shi da idonki?"

Hannunta ya tsaya a kan ƙullin. Ta tashi ta fita. Jim kaɗan sai ga ta da mai ɗori. Tsohon ya zauna a bakin ƙofa ya cire hularsa ya riƙe.

Ya ce, "Samari, kada ka ga laihin mahaihiyarka. Ni nah hana a gaya maka."

Sanƙarau ne. Bayan ya kawo mini gem da 'yan kwanaki ya kwanta da ciwon kai, wuya ya sanƙare, kafin a yi wani abu rai ya yi halinsa. Tun da zafi aka binne shi, ga shi har an yi shuka.

Tsohon ya ce, "Mu ba mu ba majinyaci labarin mutuwa, balle mai karaya. Da ka jiya da ka tashi, ko da rarrahe sai ka tahi Kalgo. Lokacin ƙashin bai kama ba. Da ka yi hasarar aboki, ka yi hasarar ƙahwa."

A nan na gane dalilin da 'yan tasharmu suka ɗauke ƙafa. Ba mantawa suka yi da ni ba, kallon idona ne ba za su iya ba. Na tuna duk baƙaƙen saƙonnin da na riƙa ba mahaifiyata, tana karɓa tana cewa za ta isar. Ban yi ihu ba. Na ce su ba ni wuri, suka fita, na ja zane na rufe fuskata.

Ranar da tsoho ya ce in taka ƙasa, ban nemi komai ba sai motar gida. Na sauka Kalgo da sanda, ranar kasuwa ce. Gari ya cika maƙil, ga masu kifi, ga masu albasa, ga hayaƙin babura. Ana ta yi mini barka da arziki, kowa ya faɗa ya wuce harkarsa. Babu wanda na tarar a inda na bar shi. A inuwar da muke jiran fasinja wani yaro ne da ban sani ba ya kafe babur ɗinsa. Ban taɓa jin ni baƙo ne ba kamar ranar, a garin da aka yanke mini cibiya.

Na wuce gidansu abokina. An daɗe da naɗe tabarmin makoki, ƙannensa suna wasa a ƙofar gida. Kowa ya gama kukansa, ni a lokacin nake fara nawa. Na durƙusa yadda ƙafa ta ba ni dama na yi wa mahaifiyarsa gaisuwa, ita ce ma ta koma ba ni haƙuri. Sannan na fito da gem na ajiye a gabanta, na ce aro ne ya ba ni.

Ta dube shi ta ce, "Ashe wanga na. Ran da yad dawo daga wurinka na yi mishi hwaɗa, nic ce ka baro ɗan'uwanka shi ɗai cikin ɗaki. Yac ce, ba shi ɗai ba na, Inna, cikin mutane nib bar shi. Har yau ban gane mi yaka nuhi ba."

Na kunna na matsa kusa da ita, na karkata gilashin wajen haske. Kare yana nan yana zagaya bishiyarsa, yara suna gudu, tsoho yana kan benci. Na kai ɗan mutumin wurin matar bakin rijiya na danna, ta juyo. Mahaifiyar abokina ta daɗe tana kallo. Can ta goge ido da bakin mayafi, ta turo mini abin ta ce in riƙe, ita ba ta da abin yi da shi.

Yanzu yarana suna nuna mini garuruwan da ke cikin wasanninsu, manyan birane masu cunkoso, mutane suna ciniki suna faɗa kamar gaske. Ba na yi musu faɗa kamar sauran iyaye, sai dai in ce su tashi su yi salla. Na san abin da irin garin nan yake yi wa mutumin da ba shi da kowa kusa, na kuma san iyakar abin da zai iya yi masa. Mahaifiyata da tsoho mai ɗori duk sun riga mu gidan gaskiya, kuma tuni na daina jin haushinsu, don da ƙafa biyu nake tafiya albarkacin shirun da suka yi. Amma ban sallaci abokina ba, ban ɗauki makararsa ba, wannan kuwa ba ɗorin da ya gyara shi.

Abu ɗaya ya zame mini hali. Idan aka ce wane yana gaishe ni, ba na saurin cewa ina amsawa. Sai na tambayi mai saƙon yaushe ya gan shi.