Ni Aka Ɓoye a Rumbu

Bayan girbin shekarar 1975 wani gardi, ɗan sandan gwamnati, ya iso Guci a kan keke, ya ce kowane gida ya ba da yaro ɗaya a kai lakwal, wato makarantar boko. A gidanmu na maƙera mu biyu ne muka isa, ni da Habu ɗan ƙanen babana. Kakanmu, da muke kira Tsoho, bai yi wata-wata ba, ya ɗaga ni ya jefa cikin rumbun gero ya mayar da murfi. Ni ne mai hannun zuga-zugi, ni nake bin sa daji sarar kirya don gawayi, ni ya koya wa jinjina dutse a tafi don gane mai tama. Habu kuwa, mai majina har baki, ko akuya aka ba shi kiwo sai ta shiga gonar mutane. Ta kafar rumbu na hango shi a bayan keke yana ihu, na yi dariya har ƙaiƙayi ya shaƙe ni.

Dariyar ba ta ɗore ba. Daga lakwal ɗin Magariya Habu ya wuce ta Damagaram, wani hutu ya dawo da maganaɗisu a aljihu. Ya ja shi cikin tokar maƙera, garin ƙarfe ya taso ya manne kamar gemu. Tsoho ya saki guduma, ya ce, "Kai, ja'irin nan, sake yi in gani!" Ni da ƙuna ta cinye mini hannuwa ban taɓa samun wannan kallon ba. Ranar Tsoho ya ɗauko curin tamar da mahaifinsa ya narka da hannunsa, wanda na daɗe ina ɗauka nawa ne, ya danƙa wa Habu. Na ci gaba da zuga wuta har gawayi ya ƙone a banza. Wallahi na ji haushi, kuma har yau bai gama fita ba.

Habu ya zama masanin sinadarai da narka ƙarfe, ya ƙare aikinsa a ma'adinan arewa yana faɗa wa manya abin da ke cikin dutse. Ni ina nan ina ƙera hauya da tarkacen mota, don ba mai narka tama yanzu. In ya zo yakan zauna kan buzun Tsoho, ya ce, "Yaya, ai kai ne ɗan gaban goshinsa." Gaskiya ya faɗa. Da son da aka yi mini bai kai haka ba, da ni aka ɗora a kan keken.