Sallar da Ramatu Ta Ɓace

Akwai rana guda a wannan ofis da har yau ba ta fita raina ba: ranar da aka dawo aiki bayan ƙaramar Sallah, mudir, wato manajanmu, ya tsaya a kaina yana cewa in rubuta wa wata yarinya rahoton hurub. Ku da kuka shigo aikin nan kwanan nan, ya kamata ku ji yadda aka yi.

Sunana Hajara, amma a nan Ummu Yasir kowa yake ce mini. A unguwar Bani Malik ta nan Jidda aka haife ni. Kakana ne ya taso daga Katsina a ƙafa don aikin hajji, bai koma ba, a nan muka yi rassa. A wannan kamfani namu na burodi da kayan zaƙi, ina sashen ma'aikata. Duk wanda aka ɗauko daga wata ƙasa, ni nake tarbarsa, in kai shi gwajin lafiya, in bi masa iƙama, wato katin izinin zama, sannan in ba shi gado a sakan, gidan da kamfani ya kama wa ma'aikata a unguwar Aziziyya. A gaban hukuma kamfani shi ne kafili, shi ke ɗauke da nauyin baƙon.

A goman ƙarshe na azumin shekarar aka turo ni filin jirgi in ɗauko sabuwar mai haɗa kayan zaƙi, 'yar Nijar, sunanta Ramatu. Na saba mata su fito da akwatuna biyu ko uku, suna rarraba ido. Wannan ta fito da jakar goyo guda ɗaya, doguwa har ta zarce kanta, da takalman hawan dutse ɗaure a gefenta suna lilo. Ba za ta wuce shekara ashirin da shida ba. Na yi mata maraba da Larabci, ta dube ni da kyau, ta ce, "Tanti, ke Bahausa ce, ko?"

Na ce, "Aiwa, ni Bahausa ce. Ina sauran kayanki?"

Ta daki jakar da tafin hannu. "Gidana ke nan gaba ɗaya."

A mota ta ba ni tarihinta. 'Yar Damagaram ce. A Kazablanka ta koyi aikin kek da fanke irin na Faransawa, tana gamawa ta goya jaka ta shiga duniya: Tunis, Istambul, har wata ƙasa mai dusar ƙanƙara da sai da ta maimaita mini sunanta. Inda ta sauka sai ta yi wata biyu tana toya burodi a masaukin matafiya, su ba ta gado da abinci, ta ƙara gaba. Na tambaye ta abin da ya kawo ta Jidda. Ta ce ta gaji da kwana a gadon da ba ta san wanda ya tashi daga kai ba, tana so ta gwada zama.

Ta zo a kan gaɓa. Goman ƙarshe ne lokacin da aiki ya fi zafi a wurinmu, kowane gida yana son ma'amul, biskit mai dabino a ciki, da sauran kayan Sallah. Ramatu ta shiga madafa kamar dama can a nan take. Mudir ɗinmu, Abu Rayyan, mutum ne mai tsantseni, ba ya yabo da wuri, amma ya ɗanɗana abin da ta yi ya gyaɗa kai. Na kai ta gwajin lafiya, na shigar da takardunta, sai ofisoshin gwamnati suka rufe don hutun Sallah kafin iƙamarta ta fito. Mu ma muka rufe shago da daren Sallah, aka ce kowa ya huta sai an dawo.

Washegarin Sallah da hantsi, ina gidan yayata muna cin dibyaza, haɗin busassun 'ya'yan itace da ake yi da Sallah, sai ga wayar Sit Amal, 'yar Sudan da ke kula da sakan ɗin mata. Ta ce tun bayan sallar Idi ba ta ga Ramatu ba. Gadon a gyare, jakar babu, fasfo babu, wayarta ba ta shiga. Sauran 'yan matan duk sun tafi gidajen 'yan'uwa da ƙawaye, babu wadda ta ga fitarta.

Ka'ida ce in sanar da mudir, na kuwa sanar da shi. Ya ce, "Halas. Ta yi Makka."

Dole in yi muku bayanin abin da ya sa ya faɗi haka. Shekara guda kafin nan mun ɗauko wasu ma'aikata biyu, suna sauka suka sulale, suka shige cikin danginsu masu zama ba takarda a Makka. Kamfani ya sha tambayoyi a kansu. Tun daga nan Abu Rayyan ya ɗau alwashin ba za a ƙara yi masa haka ba. Shi kuwa hurub, rahoto ne da kafili yake kai wa hukuma cewa ma'aikacinsa ya gudu. A kwamfuta ake yi, bai kai a dafa shayi ba an gama. Amma da zarar ya shiga, mutum ya zama mai laifi: duk inda 'yan sanda suka tare shi za su iya kama shi, a tsare shi, a mayar da shi ƙasarsu, kuma dawowa ta yi wuya. Janye shi ba ƙaramar wahala ba ce.

Na ce, "Ya Abu Rayyan, yarinyar tana hutu. Ba ta yi fashin aiki ko na awa ɗaya ba. A kan me zan rubuta?"

Ya ce, "Tayyib. Ranar da aka buɗe, in ba ta zo ba, ki rubuta."

Da la'asar na tafi sakan da kaina. Sit Amal ta buɗe mini ɗakin. Jakar babu, gaskiya ne. Amma a cikin kabad na ga naɗin wuƙaƙenta na aiki da ɗan ƙaramin ma'auninta, waɗanda ta ce mini tun Kazablanka take yawo da su. A jikin bango ta liƙa hoton wata dattijuwa da na tabbata mahaifiyarta ce. A bakin taga kuma ga gwangwanin madara da ta shuka na'ana'a a ciki, ta huda murfin gorar ruwa ta kifa ta a cikin ƙasar don ya riƙa ɗiga. Na ce wa Sit Amal, "Wanda zai gudu ba ya tanadar wa na'ana'a ruwa."

Wannan bai kwantar mini da hankali ba, ya ma ƙara tayar da shi. In ba gudu ta yi ba, to wani abu ya same ta. Na bi asibitoci biyu da ke kusa, babu ita. Na shiga Balad, wato tsohon gari, na zaga wurin matanmu Hausawa masu kasa turare da goro a bakin kasuwa, don su ba abin da ke wuce su. Wata tsohuwa ta ce ta ga doguwar yarinya da jaka kamar ta sojoji ranar Sallah, tana tambayar inda ake shiga bas. Bas ɗin ina? Ba ta sani ba. Haka na ƙarasa hutun, ina kiran lambar da ba ta shiga.

Ranar da aka buɗe, ma'aikata suka shigo ana ta gaisuwar Sallah, "Kullu am wa antum bi khair", kowa ya saka rigar aikinsa. Wurin Ramatu babu kowa. Wajen ƙarfe tara Abu Rayyan ya shigo ofishina, bai zauna ba.

"Yalla, Ummu Yasir. Buɗe shafin."

Na gaya masa abin da na gani a ɗakinta. Ya ce wuƙaƙe ana sayen wasu. Na ce fashin yini ɗaya ba gudu ba ne, ko a doka. Sai ya faɗi maganar da ta fi yi mini ciwo: "Da 'yar wata ƙasa ce, da tuni kin rubuta. Don taku ce kike kare ta."

Na ce, "Wallahi ko 'yar ina ce, ba zan sa sunana a kan abin da ban tabbatar ba. In ka matsa, ga kujera, ga kwamfuta, ka shigar da sunanka. Ni dai ina roƙon ka bar ni zuwa azahar."

Ya tsaya yana kallona. Shekara da shekaru muna aiki tare, ban taɓa ƙin umarninsa ba. Ya ce, "Zuwa azahar," ya fita. Na zauna ina kallon agogo, don ni ma ban san abin da azahar za ta kawo ba.

Ba a yi awa guda ba, sai ga yarinyar da ke amsa wayar masu odar burodi ta leƙo. Ta ce wata tsohuwa ce a layi, Larabcinta irin na mutanen kudu, ba oda take so ba, tana ta cewa "bintukum indana", wato 'yarku tana wurinmu. Na karɓa. Matar ta ce sunanta Ummu Sa'id, daga wani ƙauye a tsaunukan Baha. Sai ta miƙa wayar, na ji muryar Ramatu: "Tanti, ki yi haƙuri, ban zo aiki ba."

Ga abin da ya faru. Ranar Sallah ta dawo daga Idi ta tarar da sakan wayam. Ta zauna a ɗaki ita kaɗai har ta ji kuka na neman zuwa mata, sai ta yi abin da ta saba: ta goya jaka ta shiga bas ɗin kudu, da niyyar ta ga duwatsu ta dawo kafin a buɗe aiki. Washegari tana bin wata tsohuwar hanyar ƙafa, aka yi yayyafi, ta zame ta faɗa kan dutse. Ƙafa ta targaɗe, wayar ta tarwatse. Ummu Sa'id da jikokinta da suka fito kiwon awaki ne suka tsince ta, suka kai ta ƙaramin asibitin garin aka ɗaure ƙafar, suka wuce da ita gida. Ba ta haddace lambar kowa a Jidda ba. Lamba ɗaya ce a tare da ita, wadda aka buga a jikin ledar shagonmu da ta ƙunsa guzuri a ciki. Kullum suna kira, shago a rufe, sai ranar aka ɗauka.

Na je na gaya wa Abu Rayyan. Ya ce "La haula wa la ƙuwwata illa billah". Daga baya ya ce in ɗauki motar kamfani, kuma kada in je gidan mutane hannu rabbana, a cika manyan kwalaye biyu da mafi kyawun abin da muke da shi.

Washegari da asuba maigidana ya ja motar. Tafiyar rabin yini ce, ƙarshenta hawa da kwana-kwana har kunne ya toshe. Muka tarar da Ramatu a tsakar gida, ƙafa a miƙe a kan matashi, sanye da baƙar riga mai ado irin ta matan garin, tana koya wa 'yan mata biyu naɗa kullu. Ummu Sa'id ta rantse ba za mu tafi ba sai mun ci abinci. Ta ce mini, "Allah ne ya aiko mana baƙuwar Idi. Ita ta koya mana kek, mu mun koya mata burodin tanderu." Da za mu tafi ta rungume ta tana hawaye, ta cusa mata kwalbar zuma a jaka.

A hanya na gaya wa Ramatu komai, ban rage ba: mene ne hurub, da yadda ya rage kaɗan a rubuta mata. Na ce, "A nan ba a goya jaka a fita haka kawai, balle iƙamarki ba ta fito ba. Ko Ɗa'if nan kusa za ki, ki gaya wa wani."

Ta rungume jakarta har muka sauko daga dutsen. Na ɗauka tsoro ne ya kama ta. Can ta ce, "Tanti, da gaske kin je asibitoci nemana?"

Na ce, "Har Balad na je."

Ta juya tana kallon taga. "Na bar garuruwa da yawa. Ban taɓa barin wani wuri aka lura ba na nan ba."

Bayan sati biyu iƙamarta ta fito, ta dawo aiki tana ɗingishi. Abu Rayyan bai ba ni haƙuri da baki ba, ba halinsa ba ne. Amma ya sa aka rubuta a ka'idar sashenmu cewa ba a shigar da rahoton hurub sai an duba ɗakin mutum, an tambayi asibiti, kuma mutum biyu sun sa hannu. Ni kuma na ƙara tawa: duk baƙon da Sallah ta riske shi a sakan, sai an san gidan da zai ci abincin Sallah tun kafin a rufe shago. Ramatu kuwa kun san ta, ita ce Shef Ramatu da ke shugabantar sashen kayan zaƙi. Ta kama ɗakinta a Aziziyya, bara ta kawo mahaifiyarta umra.

Abin da nake so ku riƙe shi ne, aikinmu ya fi kama da na mai riƙon amana fiye da na mai cika takarda. Mutum ya baro ƙasarsu, ba ya jin yaren, bai san doka ba, zamansa duka yana ƙarƙashin yatsanku. Wasu za su gudu, gaskiya ne, na gani da idona, kuma in an tabbatar sai a rubuta. Amma kafin ku ce mutum ya gudu, ku tashi daga kujera ku je ku neme shi.