Muryar Baba a Cikin Tsohon Inji

Inna ce ta jawo mini wannan aikin, kuma ba da gangan ba. Wata ranar Juma'a na je gaishe ta a Gidan Dahala, na tarar tana tsince shinkafa a faifai. Ba ta ko ɗago kai ba ta ce, "Ka san na hwara mance muryab babanka? Abin da shika cewa duk ina riƙe da shi, amma murya ta tahi. Ko mahwalki niy yi, sai in ga bakinai na motsi, ban jin komi." Ta ci gaba da tsintarta. Ni kuwa da na laluba cikin kaina, ni ma ban same ta sosai ba.

Baba ɗan kasuwar hatsi ne, amma duk azumi shi ke jan baƙi a tafsirin masallacin unguwarmu. Kaset-kaset ɗin da muka ajiye na karatunsa, zafi da gara sun gama da su tun kafin ya rasu. Wuri guda ya rage, shagon ɗaukar murya na wani Alhaji a Ƙofar Dundaye, wanda ya riƙa ɗaukar tafsirin a wancan zamani, daga baya ya juye komai cikin wani inji.

Washegari na je. Alhajin ya kai ni ƙuryar shago ya nuna mini wani akwatin ƙarfe mai launin toka, yana ta gurnani a ƙarƙashin tebur. Kwamfutar da ke ɗauko sauti daga cikinsa ta ƙone ran da wutar lantarki ta zo da ƙarfi, tun daga nan babu mai iya shiga. Na ce abu mai sauƙi, a kashe a ciro faifan ajiyar in tafi da shi. Har tsalle ya yi.

"Kul! Kak ka taɓa min shi, ɗana. Ran da wuta tad ɗauke batur yaƙ ƙare, wuni guda munka yi shina ƙin tashi. Mai gyara ya ce in ya sake mutuwa, shi ke nan."

Sannan ya ƙara da wadda ta fi muni. Mai gidan ya karɓi shagonsa, ƙarshen wata za a kwashe kaya. Ko na so ko ban so ba, ranar za a zare wayar wuta.

Ni aikina rubuta manhaja ne, a wani ofis a Sama Road, kuma ina ji da kaina a wannan fage, ba zan ɓoye ba. Na jona kwamfutata da injin, na jira ya gaishe ni. Shiru. Ashe ba ya jin yaren da duk injinan yanzu ke yi da juna. Wani tsohon yare yake yi mai suna IPX, wanda ofisoshi suka daina amfani da shi tun ina ɗan firamare. Sabon Linux, wato babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfutata, shi ma an cire masa shi ɗungurungum, wai babu sauran mai buƙata. Kai, na yi tsaki ran nan! Wani can ya zauna cikin sanyi ya yanke hukuncin babu mai buƙata, ga ni nan a durƙushe, gumi na ɗiga daga haɓata.

Na samo wata tsohuwar kwamfuta a ɗakin ajiyar ofis, na ɗora mata tsohon Linux mai jin yaren. Manhajojin da na tarar a intanet duk injin ya ƙi su, domin wanda ya haɗa shi ya yi masa nasa gyare-gyare. Dole na rubuta tawa daga tushe. Abin da ake fara buɗewa shi ne soket, wato ƙofar da manhaja ke aika saƙo kuma take karɓa ta cikinta. Na karanta cewa irin wannan injin yakan yi shela a kan waya lokaci-lokaci, ya faɗi sunansa da lambar ƙofarsa, ko akwai mai saurare ko babu. Sai na buɗe soket na ce wa manhajar ta zauna ta jira shelar.

Ta zauna. Ta yi ta zama. Wanda bai taɓa wannan aikin ba ba zai gane azabarsa ba. Da ta ce mini akwai kuskure, da na san inda zan tona. Amma ba ta ce komai ba, ɗan farin layin nan kawai ke ƙyaftawa a baƙin allo. Ba ka sani ba, kai ne ka yi shirme, ko waya ce, ko injin ya riga ya mutu ta ciki gurnani kawai ya rage masa.

Kullum da na tashi daga ofis sai in hau babur in nufi shagon. Abinci ya daina mini daɗi. Ko salla nake, in na ji fanka ta tsaya sai zuciyata ta tafi wurin baturin Alhaji. Shi kuma bawan Allah ba ya iya shiru. Ya tsaya a kaina da kofin shayi, "To, ya yi magana?" Rannan na kasa daurewa na ce, "Haba Alhaji, in ya yi magana ai za ka ji ihuna har bakin titi!" Ya yi dariya ya ce zafin kan nan ba na babana ba ne. Na ji kunya, amma ban ba shi haƙuri ba sai da yamma.

Inna ban gaya mata komai ba. Tsoro nake in sa mata rai.

Ana saura 'yan kwanaki wata ya ƙare na gano abin. Shi wannan yaren, ana naɗe saƙonsa ta hanyoyi daban-daban kafin a sa shi kan waya, kuma in naɗin mai aikawa ya saɓa da na mai karɓa, saƙon zai wuce ta gabanka ba ka gani ba. Ni na zaɓi wanda aka fi sani. Na sauya zuwa wani tsohon naɗi, na sake kunna manhajar, ban ma sa rai ba. Ina cikin goge wuya da hula sai layi ya fito a allo, sunan injin da lambar ƙofarsa. Ashe tun da kwamfutar can ta ƙone yake ta shelarsa babu mai amsawa. Na yi ihun da na yi alkawari, har mai shagon maƙwabta ya leƙo.

Murnar ba ta daɗe ba. IPX ba ya yi maka alkawarin saƙo zai isa. Sai ka roƙi sauti gutsure-gutsure, ka sa wa kowane lamba, wanda bai zo ba ka sake roƙa. Na rubuta duk wannan. Da na nemi jerin abin da ke ciki, faifan ya yi wani ƙas, ƙas, kamar ana taunar tsakuwa a tuwo. Alhaji ya dube ni, na dube shi. Ya ce bai taɓa jin wannan ƙarar ba.

Na sami wurin da aka tara karatun masallacinmu. Manyan fayiloli ne, da wani ɗan mitsitsi a ƙasansu. Al'adar aikinmu ce, ba ka gwada sabuwar manhaja da babban kaya, da ƙarami kake farawa. Na ja ƙaramin, ya zo cif. Ban tsaya saurare ba, na afka wa babban. Lambobi suka fara hawa, ina ta salati a zuci. Sai ƙas ɗin ya dawo, ya yi ta yi. Manhajata ta roƙi gutsure, shiru. Ta sake roƙa, ta sake. Gurnanin ya sauka a hankali ya tsaya, shagon ya yi tsit. Abin da ya zo na babban, da na duba, ba ya buɗuwa.

Wallahi na tsani kaina a wannan lokacin. Karatun shekaru, na tsaya gwaji da ɗan guntu! Na juye ƙaramin a wayar hannuna, amma na kasa kunnawa, tsoro nake in ji ba komai sai iska. Haka na hau babur da shi a aljihu.

Na tarar da Inna a tsakar gida bayan la'asar, tana tsince shinkafa. Na zauna a bakin tabarma na gaya mata komai, na ce ban san abin da ke ciki ba, ƙila ma ba shi ba ne. Ta ce, "Kunna mu ji."

Aka fara da shuuu. Sai ƙarar yatsa a kan makirfo, sai gyaran murya. Tun daga gyaran muryar na ga hannun Inna ya tsaya. Ba karatu ba ne, gwajin lasifika ne kafin a fara. Baba ne, da ɗan dariyarsa a ƙasan magana.

"Bismillahi. To, ana jina? Can baya, wajen mata, kuna jina?"

Iyakarsa ke nan. Na buɗe baki zan ba ta haƙuri, sai na ga ba ni take kallo ba. Ta gyara mayafinta, ta matso kusa da wayar.

"Muna jinka, Malam," ta ce.

Sannan ta ce in sake kunnawa.