Aidin na sha

Malam Abdul-Mumuni direban bas ne a Edmonton, can ƙasar Turawa, har ya yi ritaya. Mutumin Kaduna ne, magana ba ta dame shi ba. Abin da aka san shi da shi a unguwa shi ne ɗauko mutane: mai naƙuda, baƙon da ya rikice a filin jirgi, ɗalibin da aka kora daga gidan haya. A kira shi kawai, sai a ji ƙarar makulli.

'Yarsa Fausia nas ce. Aiki ya kai ta wani gari a bakin teku, inda ake hango tashar lantarki ta nukiliya daga tagar kicin ɗinta. Tun da ta tare can da yaranta biyu ya yanke a ransa, bai gaya wa kowa ba, cewa ranar da aka ji wani abu ya faru a tashar zai tayar da mota ya kwaso su.

Rannan ta kira da hantsi, ta ce gwamnati ta sabunta ƙa'idojin abin da maƙwabtan tashar za su yi in hatsari ya auku.

"Kowa ya shiga gida, Baba, a rufe ƙofa da taga, a saurari rediyo. Ko yara suna makaranta, ba a zuwa ɗauko su."

"Ba a zuwa?"

"Malamai za su riƙe su. Kai ma ba za ka taso ba."

"To me mutum zai yi?"

"In an ba da umarni, a sha aidin."

Nan aka kira ta wajen aiki, ta kashe.

Shi dai aidin ɗaya ya sani, jan ruwan nan mai zafi da ake ɗiga wa ciwo a asibitin sha-ka-tafi. Ya tambayi matarsa Katumi.

Ta ce, "Malam, aidin ake sha? Ko dai kunnen ma ya yi ritaya ne?"

Turawa sun sha ba shi mamaki, kuma in wannan ne abin da ya rage wa kaka ya yi, zai yi. Ya sa hula ya nufi kyamis.

Mai shagon, wani Baturke, ya ajiye masa kwalba, ya tambayi inda ciwon yake. Malam ya ce babu ciwo tukuna, jikokinsa ne za su sha. Mutumin ya dube shi, ya janye kwalbar a hankali ya mayar bayan kanta. Ya ce wannan in an sha guba ne. Wanda ake nufi ƙwaya ce, hukuma ke raba wa na kusa da tashar.

Malam ya fito ya zauna a mota. Ya lalubo lambar Fausia, ya ce mata daga kyamis ya fito, a ina ake samun ƙwayar aidin.

Ta ce, "Ƙwayoyin suna cikin kabad tun tuni, Baba. Me ka je saya?"

"Ba komai. Ba a zuwa, ba a kai magani. Ni fa, mene ne nawa?"

"Ka zauna a gida, ka bar waya a buɗe. Shi ne naka."

Ya ce to. Ya daɗe bai koyi sabon aiki ba, wannan kuwa bai ga ta inda ake fara shi ba.